LIKITA JUDAH FOLKMAN, WANDA YA GANO YADDA CIWON DAJI KE JAWO WA KANSA JINI

Duk wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ya san abin da hanyar ruwa ke yi wa gona. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin babban kanal, ya rabu cikin ƙanana, har ya isa fangalin shinkafa da alkama da tumatir. Manoman nan, da 'yan'uwansu na Kumbotso masu lambu a bakin kogin Calawa, sun san fangalin da ruwa bai kai gare shi ba, ko iri ya tsira ba ya zuwa ko'ina. To, wani likita Ba'amurke, Judah Folkman, ya ƙare rayuwarsa yana nuna wa duniya cewa haka ciwon daji ya ke a jikin mutum: ba ya girma sai ya haƙa wa kansa hanyoyin jini. Ya kamata malamai da akawuna su san labarinsa, domin ya shafi ciwon dajin da ya fi kowane kama maza a Nijeriya.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Moses Judah Folkman ran 24 ga watan Fabrairu, 1933, a birnin Cleveland cikin Jihar Ohayo ta Amurka. Ubansa malamin addinin Yahudu ne, yana kuwa cikin aikinsa ya riƙa zuwa asibiti gai da marasa lafiya. Tun yaron yana wajen shekara 7 uban kan tafi da shi, a nan ne sha'awar likitanci ta shige shi. Ya yi karatu a Jami'ar Jihar Ohayo ya gama a 1953, yana kuma taimakon wani babban likitan fiɗa mai suna Robert Zollinger. Daga nan ya shiga makarantar likitoci ta Harvard a birnin Boston, ya fita a 1957. Tun yana ɗalibi ya sa hannu wajen ƙera wata 'yar na'ura da a ke dasawa a jiki don ta daidaita bugun zuciya. Da ya fita sai ya shiga koyon fiɗa a babban asibitin Massachusetts.

A 1960 aka kira shi aikin soja, aka tura shi asibitin mayaƙan ruwa da ke Bethesda, kusa da birnin Washinton, ya yi shekara 2. Aikin da aka ba shi shi ne neman wani ruwa da zai iya tsayawa a madadin jini, domin jiragen ruwan yaƙi kan daɗe bisa teku, jini kuwa ba ya ajiyuwa da daɗewa. Shi da abokin aikinsa Frederick Becker suka ɗauki wata 'yar tsoka ta maƙogwaron dabba suka sa cikin kwalba, suna ɗura mata ruwan nan don su ga ko za ta rayu. Sa'an nan suka dasa mata ƙwayoyin ciwon daji na ɓera. Ƙwayoyin suka tsira, suka zama ɗan ƙari kamar ƙwayar gero, watau milimita 1 ko 2, daga nan suka tsaya cik. Ba mutuwa suka yi ba, gama da aka ɗebe su aka mayar cikin ɓera mai rai sai suka habaka nan da nan. Da aka duba da madubin likita sai aka ga bambanci guda: ƙarin da ke jikin ɓera cike ya ke da sababbin jijiyoyin jini, na cikin kwalba kuwa ba ko ɗaya.

A wannan asibitin kuma shi da Likita David Long suka gano cewa wata irin roba tana iya riƙe magani ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan cikin jiki har tsawon lokaci. A kan wannan ne daga baya aka yi Norplant, maganin tazarar haihuwa da a da aka riƙa dasawa a damtse.

Ra'ayin da aka yi wa dariya

Folkman ya koma Boston ya ƙarasa koyon fiɗa. A 1967, yana da shekara 34, aka naɗa shi shugaban likitocin fiɗa na asibitin yara na birnin. Da rana yana fiɗa, da dare yana ɗakin bincike. Yakan lura kuma cewa duk ƙarin da ya cire daga jikin mai rai ja wur ya ke, yana tsiyayar jini, alhali masu duba shi a kwalba bayan an cire ba su ganin komai sai farar tsoka.

A watan Nuwamba na 1971 ya buga wata maƙala a babbar mujallar likitoci ta Boston, ya kawo magana uku. Ta fari, ƙari ba ya wuce milimita 1 ko 2 in ba a kai masa jini ba. Ta biyu, ƙarin da kansa ya ke sakin wani sinadari, kamar manzo, wanda ke zuwa wajen jijiyoyin jini na kusa ya sa su tsiro da rassa su nufo shi. Ta uku, in an sami maganin da zai tare manzon nan, ana iya barin ƙarin yana barci, ko da ba a kashe shi ba. Ba shi ne farkon wanda ya lura da yawan jijiyoyi a kewayen ƙari ba, gama wani masani mai suna Glenn Algire ya yi bayaninsa tun 1945. Amma Folkman ne ya ce a nan lagon ciwon ya ke, a nan kuma ya kamata a nemi magani.

Dalilin maganarsa ba shi da wuyar ganewa. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana bukatar abinci da iskar oksijin, jini ne kuwa ke kawo su. Iskar ba ta iya ratsa nama fiye da wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga bakin jijiya, kamar yadda danshi ba ya nisa daga bakin kanal. Saboda haka ƙwayar da ta yi nesa da jijiya sai ta galabaita.

Duk da haka manyan masana ba su karɓa ba. Waɗansu suka ce jijiyoyin nan kumburi ne kawai ke jawo su, irin wanda a ke gani a kowane rauni. Waɗansu suka ce likitan fiɗa ya tsaya ga wuƙarsa, ya bar bincike ga masu shi. An sha mayar masa da takardun neman kuɗin aiki, an kuma sha ba ƙananan likitoci shawara kada su ɓata ƙuruciyarsu a ɗakinsa. Babbar matsalarsa kuwa ita ce ya ce akwai manzo, amma bai iya kama shi ya nuna wa mutane ba.

Idon zomo da ƙwan kaza

Maimakon gardama sai ya shiga neman hujja. Shi da ɗalibinsa Michael Gimbrone suka sa ɗan ƙari cikin ruwan idon zomo, inda babu jijiya kusa. Ƙarin ya zauna da rai amma bai girma ba. Da aka matsar da shi ya taɓa wurin da ke da jijiyoyi, cikin mako 2 ya ninka girmansa sau dubbai. Suka kuma dasa ƙari a farar fatar nan mai sheƙi ta gaban ido, wadda Allah ya halitta ba jijiya, sai ga jijiyoyi suna tsirowa daga gefe suna miƙewa wajensa, kowa na gani. Haka suka yi da tantanin ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki.

A 1974 kamfanin Monsanto ya yi alkawarin ba Harvard dala miliyan 23 cikin shekara 12 don aikin Folkman da na abokinsa Bert Vallee. Kuɗin sun taimaka, amma sun jawo masa surutu, gama a lokacin ba a saba ganin kamfani ya ba jami'a irin wannan dukiya ba. A tsakiyar shekarun 1970 ɗalibansa Henry Brem da Robert Langer suka nuna cewa guringuntsi, wanda ba jijiyar jini a cikinsa, yana ɗauke da abin da ke hana jijiya tsirowa. Ashe ke nan jiki yana da mai cewa a tsiro, yana kuma da mai cewa a tsaya. A 1979 suka iya renon ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyi a faranti, abin da a da a ke cewa ba shi yiwuwa. A 1981 Folkman ya sauka daga shugabancin fiɗa, bayan shekara 14, ya ba bincike dukkan ƙarfinsa.

An kama manzon

A 1984 mutum biyu na ɗakinsa, Yuen Shing da Michael Klagsbrun, suka tace wani sinadari daga ƙarin ɓera, wanda ke sa ƙwayoyin jijiya su hayayyafa. Masana suna kiransa da haruffan FGF. Amma babban manzon ba a ɗakin Folkman aka kama shi ba. A 1983 Donald Senger da Harold Dvorak, su ma a Boston, sun sami wani sinadari da ƙari ke saki wanda ke sa jijiyoyi su riƙa yoyo. A 1989 kuma Napoleone Ferrara, mutumin Italiya mai aiki a kamfanin Genentech, ya tace wani wanda ke sa su tsiro, ya sa masa suna VEGF. Daga baya aka gane abu guda ne.

Ga yadda ya ke aiki. Sa'ad da ƙwayoyin tsakiyar ƙari suka ƙarancin iska, sai su shiga sakin VEGF. Shi kuwa ya malala cikin nama har ya kai ga jijiya, ya manne wa ƙwayoyin bangonta a wani gurbi da ya dace da shi kamar mabuɗi da kwaɗo. Nan take ƙwayoyin su huda bango, su hayayyafa, su jeru su zama sabon bututu mai nufar ƙarin. Wannan aiki ba mugu ba ne a asalinsa, da shi ne jariri ke ginuwa a ciki, da shi rauni ke warkewa. Ciwon daji sata ya ke yi, kamar manomin da ya fasa kanal da dare ya karkatar da ruwan jama'a zuwa gonarsa. Jijiyoyin da ya ke jawowa kuwa karkatattu ne, masu yoyo, ta nan ne ƙwayoyinsa ke samun ƙofar faɗawa cikin jini su tafi wani wuri su kafa sabon zango. Yadda ƙwayar halitta ke gane iska ta yi mata kaɗan, shi ne binciken da ya sa aka ba masana uku kyautar Nobel a 2019.

Ciwon dajin maza

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata tsoka mai girman ɗan goro, wadda ta kewaye bututun fitsari, likitoci suna kiranta furostat. Ciwon dajinta, wanda mutane kan ce wa sankarar mafitsara, yakan zo ne bayan shekara 50, ya kuma fi tsananta ga baƙar fata. In ya yaɗu yakan nufi ƙashi, musamman na baya da na ƙugu.

Akwai wani abin mamaki game da shi wanda Folkman ya yawaita ambata. In aka binciki gawar tsofaffin da wani abu dabam ya kashe, sai a tarar da yawa daga cikinsu suna ɗauke da ɗan ƙaramin ciwon daji a wannan tsoka, wanda bai taɓa damunsu ba. A ganinsa, ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarin bai sami ikon jawo jini ba, gama masu hanawa sun rinjayi masu kira. Ranar da ma'aunin ya karkata, ranar ciwon ke tashi daga barci.

A 1993 shi da Likita Noel Weidner da abokansu suka ɗauki tsokar maza 74 da aka yi wa fiɗa saboda wannan ciwo, suka ƙidaya ƙananan jijiyoyin da ke cikin ƙarin kowane. Sai suka ga waɗanda ciwonsu ya riga ya yaɗu suna da jijiyoyi kusan ninki biyu na waɗanda nasu bai yaɗu ba. Waɗansu masu bincike kuma suka tarar VEGF ya fi yawa a jinin waɗanda ciwon ya kai ga ƙashi.

A nan aikinsa ya haɗu da na wani magabacinsa, Likita Charles Huggins na Shikago. Tun 1941 Huggins ya nuna cewa ciwon dajin furostat yana rayuwa ne da sinadarin mazakuta da 'ya'yan maraina ke yi, in an yanke masa shi sai ya lafa. An ba shi kyautar Nobel a kan haka a 1966. Bincike na baya ya nuna sinadarin mazakuta yana cikin masu zuga tsokar ta saki VEGF, in an hana shi kuwa jijiyoyinta kan tsuke. Watau maganin Huggins ma, ta wani fanni, toshe hanyar ruwa ne.

Yabo da ya zama nauyi

Ɗakin Folkman ya ci gaba da samo masu hana jijiya tsirowa. Ɗaya an same shi ne daga wata fumfuna da ta faɗa farantin Donald Ingber bisa tsautsayi. A 1994 Robert D'Amato ya nuna cewa talidomaid, maganin nan da ya nakasa dubban jarirai a ƙarshen shekarun 1950, yana da wannan hali, daga baya kuwa ya zama maganin wani ciwon daji na ɓargo. Michael O'Reilly ya samo anjiyostatin a 1994, da endostatin a 1997, waɗanda suka shanye ƙari a jikin ɓeraye.

A watan Mayu na 1998 jaridar New York Times ta buga labarin magungunan nan biyu a shafin farko, ta yadda jama'a suka ɗauka an gama da ciwon daji. Dubban marasa lafiya suka yi ta bugo waya asibitin. Mutumin da aka yi shekaru ana yi wa dariya, yanzu shi ne ke roƙon mutane su yi haƙuri, yana tuna musu cewa ɓera aka warkar, ba mutum ba. Gaskiyarsa kuwa, gama da aka gwada su ga mutane a Amurka ba su yi abin da suka yi ga ɓera ba.

Nasarar ta ɓullo ta wata ƙofa. Ferrara da abokansa suka yi maganin da ke kama VEGF tun bai kai ga jijiya ba, aka sa masa suna Avastin. A watan Fabrairu na 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da shi ga ciwon dajin hanji, shekara 33 ke nan bayan maƙalar 1971. Daga nan irin waɗannan magunguna suka shiga aiki ga ciwon dajin ƙoda da na huhu da na hanta. Babbar fa'idarsu kuma ta bayyana a ido, inda allurarsu ke ceton ganin tsofaffi da masu ciwon sukari waɗanda jijiyoyi masu yoyo ke neman makantarwa.

Folkman ya ga wannan da idonsa. Ran 14 ga watan Janairu, 2008, yana kan hanyar zuwa wani taron masana a ƙasar Kanada, zuciyarsa ta tsaya a filin jirgin sama na Denver, ya mutu yana da shekara 74. Ya bar matarsa da 'ya'ya mata 2, da ɗalibai masu yawa waɗanda suka zama manyan malamai. An shaide shi da cewa duk yawan aikinsa, yakan zauna da dare ya amsa wayar marasa lafiyar da bai taɓa gani ba.

Inda maganin ya kāsa

Abin da bai rayu ya gani ba shi ne sakamakon gwajin da aka yi ga ciwon dajin furostat. An ɗauki maza 1,050 waɗanda ciwonsu ya yaɗu, ya kuma daina jin maganin Huggins, aka raba su gida biyu. Duka an ba su maganin da aka saba, amma rabi an ƙara musu Avastin. Da aka buga sakamako a 2012 sai aka ga ciwon ya ɗan jinkirta ga waɗanda aka ƙara wa, amma tsawon ransu kusan ɗaya ne, wata 22 da rabi a nan, wata 21 da rabi a can, bambancin da masu lissafi ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ga kuma ƙarin wahala, irin su hawan jini da zubar jini. A 2013 aka buga gwajin wani maganin mai kama VEGF ga maza fiye da 1,200, shi ma bai ƙara musu kwana ba.

Masana sun kawo dalilai. Ƙari ba manzo ɗaya gare shi ba, in an tare VEGF sai ya aiki FGF ko waninsa, kamar ruwan da aka datse ya fasa ta wani gefe. Ban da haka, waɗanda aka gwada wa tsofaffi ne da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Saboda haka maganar Folkman ta tabbata a kan yadda ciwon ke girma, amma ga wannan ciwo musamman, toshe jijiya bai zama magani ba. Abin da likitoci ke dogara da shi shi ne fiɗa, da gashi da na'ura, da hana sinadarin mazakuta, da magungunan kashe ƙwayoyin ciwon.

To, darasin da ke nan ga mutanenmu a fili ya ke. Ciwon da bai riga ya haƙa hanyoyinsa ya yaɗu ba, shi ne a ke iya warkarwa, a farkonsa kuwa sau da yawa ba ya nuna alama. Yawancin masu zuwa asibiti a ƙasar nan sai ya kai ga ƙashi su ke zuwa, kunya da jinkiri sun cuce su. Ya kamata namijin da ya kai shekara 45 zuwa 50, balle wanda ubansa ko wansa ya yi ciwon, ya nemi shawarar likita a kan awon jini da a ke kira PSA. Wanda ya ga fitsari yana yi masa wuya, ko yana yawan tashi da dare, ko ya ga jini a ciki, kada ya zauna. Ba kowace wahalar fitsari ce ciwon daji ba, gama tsokar kan kumbura don tsufa kawai, a wuraren noman rani kuma tsargiya na sa fitsarin jini. Amma likita ne kaɗai mai iya rarrabewa, ga kuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala ba su da nisa daga Kumbotso ko Kura. Malaman makaranta da akawuna, waɗanda jama'a ke jin maganarsu, su ya fi kamata su kai wannan bayani ga iyaye da dattawan ƙauyuka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.